Bature Mai Magani: Labarin Likita Stirrett Na Jos

Suna iri biyu ne. Akwai wanda iyaye su ke raɗa wa jariri ran suna, tun ba a san abin da zai zama ba. Akwai kuma wanda jama'a su ke laƙaba wa mutum bayan sun daɗe suna duban halinsa da aikinsa, wannan kuwa ba a sayensa da kuɗi, ba a kuma samunsa da roƙo. Mutumin da na ke so in ba da labarinsa a wannan fili, iyayensa sun sa masa suna Andrew Park Stirrett, amma fatake da 'yan kasuwa na ƙasar nan suka yi masa nasu sunan, watau Bature Mai Magani. Ya zo ƙasarmu cikin 1902, ya rasu a nan Jos cikin 1948.

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, akwai Turawan mishan da suka fi shi suna cikin littattafan tarihi, kamar Likita Walter Miller na Zariya, da Karl Kumm wanda ya kawo mishan ta SUM zuwa Wase cikin 1904. Amma in ana maganar mutumin da a kan same shi a inda ya ce za a same shi, a lokacin da ya ce, shekara da shekaru, to Likita Stirrett shi ne ya ke fara zo mini a rai. Mu kuwa da mu ke shirin karɓar 'ya'yan mutane a hannunmu, wannan hali shi ne za a fara nema gare mu tun kafin a tambayi takardar shaidarmu.

Asalinsa

An haife shi cikin 1865 a wani ƙaramin gari mai suna Camlachie, a lardin Ontariyo ta ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantin magani a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa cinikinsa albarka har ya mallaki kantuna da gidaje. Yana cikin wannan hali, yana kuma karatun aikin likita, sai wata 'yar takarda ta faɗo hannunsa wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasar Sudan. Kada mu ruɗe da wannan suna. A zamanin nan Turawa su kan kira dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Hamada da sunan Sudan, tun daga yamma har Kogin Nilu, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsu.

Sa'an nan shekarunsa 37 ne fa. Mutum mai irin waɗannan shekaru, mai kanti da abin hannu, ba safai ya kan tashi ya sake sabuwar rayuwa ba. Shi kuwa da ya tabbata a ransa kiran Ubangiji ne, sai ya sayar da kantunansa, ya miƙa dukiyarsa ga mishan, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila domin shi ne mai araha. Ya tsaya a Libaful ya ƙara ilmi a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, daga nan ya nufo Ikko. Shugabannin mishan ba su yi saurin amincewa da shi ba, a kan gwaji suka karɓe shi. Ga abin mamaki: wanda aka karɓa a kan gwaji, shi ne ya zo ya yi kusan shekara 46 a bakin aikin.

Mishan Da Ta Fāɗi Sau Biyu

Ba za mu gane nauyin abin da ya yi ba sai mun san irin mishan da ya ba dukiyarsa. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara can cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya karya shi, ya koma gida cikin 1895. Ya sake gwadawa cikin 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a karo na uku ne mutum huɗu suka taso cikin 1901, suka sami wurin zama a Patigi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara, cikin 1902. Su ma ba su daɗe ba ɗaya ya rasu, biyu aka mai da su gida ba lafiya, saura Alex Banfield kaɗai.

To, wannan ita ce ƙungiyar da daga baya aka sani da sunan Sudan Interior Mission, ko SIM. A lokacin da Stirrett ya shiga cikinta ba ta da abin nunawa sai kaburbura da ɗan gida guda a Patigi. Duk mai hankalin ciniki zai ce zuba dukiya a nan asara ce. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, ya san lissafi sarai, ya kuma san labarin waɗanda suka riga shi. Da idonsa biyu ya yi alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Zangon Fatake

Ya fara zama a Patigi, sa'an nan ya koma Wushishi, kusa da Zungeru inda Gwamna Lugard ya ke da hedkwata a lokacin. A nan ne zuciyarsa ta manne wa Hausawa. Amma akwai shinge a gabansa. Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka aka hana 'yan mishan zama cikin yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi. Likita Miller kaɗai ya sami shiga birnin Zariya cikin 1905. Mutum ya bar ƙasarsa domin Hausawa, ga shi kuwa an rufe masa ƙofar garuruwansu.

Wani da ya yi fushi ya koma gida, ko ya zauna yana gunaguni. Stirrett kuwa ya duba ya ga ashe hanyar fatake ta bi ta Wushishi. Ayari ya kan taso daga Kano ko Katsina ko Zariya da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, ya gangara ƙasar Nufe da Ilori har Ikko, ya komo da goro da gishiri da kayan Turawa. In rana ta yi sanyi sai madugu ya sa a sauka a zango, a sauke kaya, a hura wuta. Nan Likita ya kan same su. Ya duba mai gyambo, ya ba mai zazzaɓi magani, sa'an nan ya yi musu wa'azi da Hausa. Gobe ayarin ya tashi, wani ya sauka, shi kuwa yana nan. Tun da ba a yarda ya tafi Kano ba, sai Kano ta riƙa zuwa wurinsa a kan hanya. Bakin fatake ne ya kai sunan Bature Mai Magani garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba tukuna.

Ina so mu lura da irin mutanen da suka ba shi sunan nan. Fatauci duka a kan amana ya ke tafiya. Attajiri a Kano ya kan damƙa wa yaronsa dukiya ya tafi Gwanja sayen goro, wata da watanni ba wasiƙa ba waya. Baƙo ya kan ajiye kayansa wurin fatoma ya tafi ya dawo ya same su daidai. Madugun da ya taɓa yaudarar ayari ba ya sake samun mabiya. Mutanen da suka tashi cikin wannan sana'a sun iya auna mutum, ba a ruɗinsu da daɗin baki. Yawancinsu ba su karɓi wa'azinsa ba, amma sun gane shi mutum ne wanda maganarsa ba ta tashi, maganinsa kuma na gaskiya ne.

Ƙwaya Ɗaya Kowace Rana

Abin da ya kashe waɗanda suka riga shi, ya kuma kori sauran, yawanci zazzaɓin cizon sauro ne. Maganinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun cikin 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai a jirgin ruwa, tare da Samuel Ajayi Crowther, ya sa Turawan jirgin su sha kwinin kullum, suka je suka dawo ba wanda ya mutu a cikinsu. Cikin 1897 kuma Ronald Ross ya gano sauro ne ke ɗaukar cutar. Ilmi yana nan, abin da ya rage shi ne a riƙa aiki da shi ba fashi.

Kwinin yana da ɗaci ƙwarai, ya kan kuma sa kunne ya yi ƙara. Mutum in yana jin lafiya sai ya ce yau kam bari in huta, gobe na sha. Likita Stirrett ya tsaya a kan abokan aikinsa su sha nasu kowace rana, ya kuma rubuta ɗan littafin magani domin waɗanda ke zaune a daji nesa da likita, su san abin da za su yi in ciwo ya zo. Shi kansa shaida ne, gama ya shigo ƙasar da a ke kira kabarin Turawa yana da shekara 37, ya kai 82.

A ganina wannan ƙwayar kwinin ita ce hoton dukan zamansa. Ba ta aiki in an haɗiye ta wata guda a rana ɗaya, sa'an nan a manta da ita. Amfaninta yana cikin maimaitawa. Ranar da ka sha ba ka ganin wani abin al'ajabi, abin da ka ke samu kurum shi ne ciwon da bai zo ba, wanda ba mai yi maka barka a kansa. Aminci ma haka ya ke.

Littafi Da Waƙa

Tun kafin zamaninsa an fara juya Maganar Allah zuwa Hausa. Wani Bajamushe mai suna Schön ya yi wannan aiki a Ingila da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth zuwa Turai. Amma cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932. Likita Miller shi ne ya ɗauki mafi yawan nauyin fassarar, tare da kwamiti na mishan dabam dabam, Stirrett kuwa yana cikinsu shekaru da yawa.

Duk wanda ya taɓa juya ko da shafi ɗaya daga Turanci zuwa Hausa a ajinmu ya san wahalar abin. Kalma guda ta kan tsai da mutum rabin sa'a. To, balle littattafai 66, aya bayan aya, a rubuta, a aika wa abokan aiki, su yi gyara, a sake dubawa, a yi gardama a kan kalma, a koma a tambayi masu harshen. Aiki ne wanda ba mai tafa wa mutum hannu a kansa, sunan mai yinsa ma ba ya fitowa a bangon littafin. Ban da wannan ya shirya waƙoƙin sujada da Hausa masu yawa. Mu da muka tashi a makarantun mishan mun saba rera waƙa da safe ba tare da mun tambayi wanda ya zauna ya daidaita kalmominta da muryarta ba. Irin su Stirrett ne suka yi wannan zama.

Kasuwar Jos

Jos gari ne da kuza ta haifa. Da Turawa suka fara haƙar kuza a kan dutsen nan a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka yi ta kwararowa neman aiki da ciniki, Hausawa da Barebari da Yarabawa da Ibo, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere masu ƙasa. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya cikin 1914, babban kuma ya iso ta Kafanchan cikin 1927. Mishan ta SIM ta mai da hedkwatarta Jos cikin 1923, a nan kuwa Likita ya yi shekarunsa na ƙarshe. Abin da zango ya zama masa a Wushishi, shi kasuwar Jos ta zama masa, gama a nan ma Hausa ce harshen ciniki, mutanen kowane gari kuma suna haɗuwa.

Ga yadda ranarsa ta ke. Tun kafin ƙarfe 4 na asuba ya kan tashi ya shiga addu'a da karatun Littafi. Ku da kuka san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu, a tudun da ya kai ƙafa 4,000, sa'ad da ƙararrawar safe ta kan same mu ƙudundune cikin bargo, ku auna tsoho mai shekara 80 yana tashi a wannan lokaci ba wanda ya tashe shi. Da rana ya yi aikin magani da rubutu. In lokacin kasuwa ya yi kuwa sai ya ɗauki babban hotonsa na koyarwa ya tafi, ya tsaya a wurin da ya saba tsayawa, ya rataye hoton, ya yi wa'azi. Ɗan gajeren mutum ne, bai taɓa aure ba, ba shi da dukiya gama ya riga ya bayar. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu cikin watan Yuli na 1948.

Bari Mu Yi Lissafi

Abokan aikinsa sun ƙiyasta ya yi wa'azi wajen sau 20,000, mutanen da suka ji shi kuwa sun kai 1,500,000. Tun da mu malamai ne, bari mu ɗauki alli. Shekara 46 kwana 16,790 ke nan. In ka raba 20,000 da wannan, za ka ga ya fi wa'azi ɗaya a kowace rana ta Allah, har da kwanakin da ya yi a jirgin ruwa, da na hutu a Kanada, da na ciwo. Sa'an nan ka raba 1,500,000 da 20,000, amsa 75. Watau a kowane tsayi nasa mutum 75 ne a gabansa bisa matsakaicin lissafi, kamar aji biyu na firamare.

Kun gani, babu ranar da ya tara dubun dubbai a fili guda. Babban adadin nan da mu ke mamakinsa, ƙananan taro ne aka jera su ɗaya bayan ɗaya har shekara 46. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Malamin da ya riƙe aji mai yara 40, kwana 190 a shekara, har shekara 35, in ya yi irin wannan lissafi zai ga shi ma ba ƙaramin taro ya tsaya a gabansa ba.

Girbin Da Ya Fito A Wata Gona

Yanzu ga wurin da labarin ya fi taɓa ni. Hausawa ne ya ƙaunata, dominsu ya koyi harshe, dominsu ya yi ta addu'ar asuba. Amma har ya rasu, waɗanda suka zama masu bi daga cikin Hausawan da ya yi wa wa'azi kaɗan ne. In da yawan tuba a ke auna bawan Allah, da sai a ce ya yi noma bai cika rumbu ba. Ya san haka sarai, gama idonsa yana gani, duk da haka gobe ya koma kasuwa.

Ashe Ubangiji yana da nasa shiri. Littafin nan na Hausa na 1932, da waƙoƙin nan, su ne suka zama abincin ekklesiya a wurin da ba a zata ba. Kabilun dutsen nan da na kewaye, Birom da Angas da Irigwe da Jaba da Gwari da Tangale da sauransu, kowa da harshensa, amma Hausa ta haɗa su. Da Hausa aka koya wa masu bishara a Gindiri, makarantar da SUM ta buɗe cikin 1934, inda fastoci uku na fari, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, suka yi karatu kafin a naɗa su cikin 1938. Da Littafin Hausa a jaka masu bishara 'yan ƙasa suka hau duwatsu suka shiga ƙauyuka, su ne kuwa suka yi mafi yawan aikin, ko da ya ke sunayen da yawa cikinsu ba su shiga littafi ba. Shekara 6 bayan rasuwarsa, cikin 1954, ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, hedkwatarsu kuwa tana nan Jos.

Ƙofar da aka rufe masa ma ya ga an fara buɗe ta tun yana da rai. Cikin shekarun 1930 sarakuna suka yarda mishan ta kula da kutare a ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato, cikin 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na Kano. Magani ne ya buɗe ƙofar, watau hanyar nan da ya bi tun a zangon Wushishi. Manzo Bulus ya riga ya koya wa Korantiyawa cewa aikin mai shuka dabam, na mai ban ruwa dabam, girman shukar kuwa a hannun Allah ya ke. An tambayi Stirrett shuka ne kurum, ya kuwa shuka.

Abin Da Ya Shafe Mu

Ban ce kowa ya sayar da abin da ya mallaka ba, ban kuma ce kowa ya ƙi aure ba. Wannan kiransa ne shi kaɗai. Abin da ya ke na kowa da kowa shi ne riƙon amana. Cikin misalin talanti a Matiyu sura 25, bawan da ya ci riba biyar da wanda ya ci biyu yabo iri ɗaya suka samu, gama abin da maigidan ya duba shi ne yadda kowannensu ya riƙe abin da aka ba shi sa'ad da ba ya nan. Cikin Luka sura 16 Ubangijinmu ya nuna ƙaramin abu shi ne ma'aunin babba. A wasiƙarsa ta ƙarshe zuwa ga Timoti kuma, Bulus yana kurkuku ya ambaci mutum biyu da ya kamata mu riƙa tunawa: Dimas wanda ya fara da kyau sa'an nan sha'awar duniya ta janye shi, da Luka wanda ya tsaya. Luka kuwa likita ne.

Ba da daɗewa ba za a rarraba mu. Kaɗan za su sami makarantar gari, da yawa kuwa za a tura su ƙauyen da mota ba ta kai wa da damina, inda mai duba makarantu ba ya zuwa sai an daɗe. A can ba wanda zai sani ko ka shiga aji ƙarfe 8 ko ƙarfe 10. Ba wanda zai sani ko ka shirya darasi da dare ko ka zo ka sa yara su yi ta maimaita abin jiya. Rajista tana hannunka, kana iya cika ta ran Jumma'a gaba ɗaya. Littattafan yara suna iya kwana wata guda ba ja ko ɗaya a cikinsu. Kuɗin jarrabawa da iyaye suka sayar da acca ko dankali suka kawo, a aljihunka za a ajiye. Albashi ya kan yi jinkiri, wannan gaskiya ne, hakkinmu ne kuma mu nema ta hanyar da ta dace. Amma yaron da ya tako mil 3 da sanyin safiya ba shi ya riƙe albashin ba.

Sa'ad da na je koyon koyarwa na lura da abu guda. Yara sun san malamin da zai zo da wanda ba zai zo ba, tun mako na biyu. Ajin wanda ba ya fashi ya kan cika kafin ƙararrawa, ajin ɗayan kuwa yaran ma sai su riƙa makara, gama sun koyi darasin da ya koya musu ba da baki ba. Mu kan ce za mu koya wa yara Allah mai aminci ne, ba ya ta da alkawarinsa. Yaro ɗan shekara 7 ba shi da inda zai ga ma'anar wannan magana sai a jikin manyan da ke kewaye da shi. In malaminsa Kirista ya ce gobe zan dawo muku da littattafanku, goben ta yi bai kawo ba, jibi ma haka, to ya rushe da hannunsa abin da ya gina da bakinsa a darasin addini.

Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata mu 'yan Jos mu riƙe. Garin nan ya sha baƙin ciki a rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, har unguwanni suka rabu, maƙwabta suka daina amincewa da juna. Cikin ajin da za a ba mu za a sami ɗan Kirista da ɗan Musulmi a benci ɗaya. Mu tuna sunan nan Bature Mai Magani, mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba su ne suka ba shi, domin ya duba ciwonsu da gaskiya ko sun karɓi maganarsa ko ba su karɓa ba. Uban da ya kawo maka ɗansa amana ya ba ka, ko a coci ya ke sujada ko a masallaci. Amincewar da ta karye a gari ba ta gyaruwa da jawabin rana ɗaya. Sai dai irin gyaran kwinin, kaɗan kaɗan, kullum, a hannun mutanen da aka gwada aka ga ba su canzawa.

Kasuwar da Likita Stirrett ya tsaya a cikinta ta sāke kama tuntuni, babbar kasuwar da aka gina daga baya ma wuta ta cinye ta cikin 2002. Ƙaramin jirgin Zariya ya daina tafiya tun 1957, ramukan kuza sun zama tafkuna. Amma ran Lahadi mai zuwa, a ɗaruruwan majami'u daga nan har Kaltungo, za a buɗe Littafi da Hausa a karanta, a kuma ta da waƙa da Hausa. Allah ya ba mu ikon riƙe ɗan abin da za a damƙa mana, ya sa a same mu a bakin aikinmu ran da a ke dubawa da ran da ba a dubawa. Amin.